Ramin da na haƙa wa Iliya

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwana mata. Ni ce Saratu, wadda kuka saba gani a bencin baya da ƙaton yaro a goye.

Iliya bai yi kuka ba ranar da na haife shi. Har aka yaye shi wuyansa bai tsaya ba, ƙafafunsa a sandare kamar itace. Surukata ta ce, "Wanga ba mutum ba ne, ɗan ruwa ne. Ku aje shi bakin dam shi koma wa danginsa." Mijina kuwa sai ya daina taɓa yaron. Wannan ya fi maganar uwarsa ci mini rai.

Nakan tsallaka da shi wani asibitin mishan a Nijar. Can wata ma'aikaciya ke gasa masa gaɓoɓi, ta ɗaure shi a tsaye jikin wani katako, tana koya masa riƙe cokali. Sai aka rufe boda. Na je Magama, bakin bodar, na durƙusa wa masu tsaro ina kuka, suka ce abin ba a hannunsu yake ba.

Ina ji ina gani ƙafafun Iliya suka fara naɗewa. Surukata ta sa ranar kai shi ruwa. Ba zan ɓoye muku ba, na gaji, har na fara cewa a raina ko tsohuwar ta yi gaskiya.

Na faɗi ƙasa a tsakar gida na ce, "Yesu, ka nuna mini abin yi, ko ka ɗauke mu tare!" Ban tashi ba sai da maganar ma'aikaciyar nan ta faɗo mini: in babu katako, a haƙa rami daidai ƙirjinsa, a kewaye da tsumma, a tsayar da shi ciki kowace safiya.

Na ɗauki fartanya na haƙa ramin, na tsayar da Iliya a ciki. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta kurma ihu, "Jama'a, Saratu za ta binne ɗanta da rai!" Iliya na tsala kuka a ramin, ni ma ina yi.

A hankali kukan ya ragu. Na riƙa aje masa faranti da gawayi a gabansa yana zane-zane. Ranar da surukata ta zo da zanen da za ta naɗe shi, sai ya ɗaga kai daga ramin, da kansa, ya zuba mata ido. Ta daɗe a tsaye, sannan ta koma da zanenta.

Iliya bai yi tafiya ba, wataƙila ba zai taɓa yi ba. Amma jiya na fito na tarar da babansa ya ɗauki fartanya yana ƙara wa ramin zurfi. Bai dube ni ba, ya ce, "Yaron ga ya yi tsawo."

Na gode wa Yesu! Ke da ke ɓoye irin nawa a ɗaki, fito da shi, ki dogara ga Ubangiji. Amin.