Kwalba Takwas Daga Firigon Malam Muntaka

Waye a cikinmu ya taɓa yin allurarsa har kwalba ta ƙarshe? Ina nufin likita ya rubuta maka kwana bakwai, kai kuma ka miƙa hannu kwana bakwai cur. In akwai shi a ƙarƙashin rumfar nan, ya ɗaga yatsa mu gan shi. Ban ga ko ɗaya ba. Ni ma ga hannuna nan a ƙasa.

Ku gafarce ni, tambaya ta riga sallama fita. Assalamu alaikum. Baba Liman, Allah ya gafarta Malam. Mai unguwarmu, ranka ya daɗe. Dattawan zumunta da kuka taso daga unguwannin Mursal da Kabalai cikin wannan rana, sannunku da ƙoƙari. Maƙwabtanmu da ba Hausawa ba, waɗanda kuka zauna da mu tun ranar farko, mun gani, mun gode. Iyayenmu mata na cikin gida, ina gaishe ku. Inna Zuwaira, na san kina bayan labulen nan kina takaba, kuma na san kina ji na. Yaya Taufiq, Fadila, da sauran 'ya'yan marigayi, Allah ya ƙara muku haƙuri.

Ni ne Shu'aibu mai gyaran waya a bakin kasuwa. Samarin unguwarmu ta Shagwa, nan cikin Injamena, suka ce in yi magana da bakinsu a wannan sadakar arba'in ta Malam Muntaka. Da za a miƙo mini lasifika, mutum uku sun ja ni gefe sun ce in bi a hankali. Na ce musu zan gwada.

Malam Muntaka ya kasance mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Sana'arsa ke nan, ba shi da wata. Bai riƙe ofis ba, ba a taɓa kiran sunansa a rediyo ba sai ranar sanarwar rasuwarsa. Amma duk wanda ya tashi a layin nan ya sha ruwansa bai biya ba, kuma ya san bai biya ba.

Ya kasance mutumin da in an yi gobara shi ake fara gani da bokiti, in an yi haihuwa shi ke neman rago mai sauƙi, in an yi rasuwa kafin a gama salati ya tafi maƙabarta da diga. Shekarar da harbi ya shigo cikin gari muka gudu Kusri, tsallaken kogi, iyayenmu sun sha faɗa mana cewa sau huɗu ya haye gada ya dawo, kowace tafiya da tsohuwa a bayansa, kuma ba ɗaya da ta haife shi. Shekarar ambaliya gida uku suka kwana a tsakar gidansa wata biyu, Inna Zuwaira na dafa musu a tukunyar biki.

Ya kasance mai tsokana. Ni bai taɓa kirana da sunana ba. Ganin da yake yi mini ina karanta kowace takarda da na tsinta, har ta ƙunshin ƙosai, ya sa ya raɗa mini Farfesa Babu Aji. In na wuce sai ya ce in zo in karanta masa abin da aka rubuta a gwangwanin tumatir, wai ko an ambaci sunansa.

Ya kasance mai tsare wa mutum mutuncinsa. Daga nan ne maganar da ta tsayar da ni take farawa.

Baƙi ba su san zancen firigon ba, bari in gaya musu. Da Malam ya sa sola a shagonsa, firigonsa, wato firjin ƙanƙararsa, shi ne kaɗai a layin nan da ba ya mutuwa in an ɗauke wuta. Ku kuma kun san zafin Injamena, magani a ɗaki dahuwa yake yi. Sai mutane suka fara kawo masa ajiyar allura. A hankali ajiya ta zama sadaka. An rubuta maka seftiriyazon kwalba bakwai, ka yi uku, zazzaɓi ya sauka, ka ci tuwo, shi ke nan ka warke. Huɗun da suka rage sai ka kai bene na ƙasa a firigon Malam, ka rubuta sunanka a jikin kwalin, don wanda ya ɗauka ya san wa zai yi wa addu'a. Mai buƙata ya zo ya yi sallama, ya durƙusa, ya ɗauka. Ba a tambayarsa ordonas, wato takardar likita, ba a tambayarsa ciwon me. Malam da kansa ya kafa dokar: da ya ga mutum ya durƙusa a bene na ƙasa, sai ya juya fuskarsa ga titi, don kada talaka ya ji kunya.

Muna alfahari da wannan firigo. Mukan ce a Shagwa ba mai kwana da zazzaɓi don ba shi da hali. Mura, allura. Ciwon haƙori, allura. Yaro ya yi gudawa kwana ɗaya, allurar jenta. Ni da nake tsaye gabanku na durƙusa a wurin sau biyar, na kai ragowa sau uku.

Wata rana na zauna da takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a cikin kwali, wadda muke yarwa tare da leda. Faransancina na kan titi ne, sai da na yini ina duba kalmomi a waya. Abin da ta ce shi ne, in ka tsayar da allurar kafin lokacinta, ƙwayoyin cutar da suka fi taurin rai su suke saura, su hayayyafa, gaba in ka sake yi musu ita ko gezau. Na je na gaya wa Malam. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Farfesa, na ji. To in matar maƙwabcinmu Yunusu ta zo da jariri yana ci da wuta, takardar zan ba ta?" Har yau ina juya tambayar nan.

Kakanninmu sun bar Kano da Katsina da Damagaram da ƙafa za su Makka, suka iso bakin kogin nan suka ce a ɗan huta. Ga mu har yau muna hutawa. Ba raini nake yi musu ba, jininsu ne a jikina, kuma su suna da uzurinsu. Mu da muke tsayar da allura a rabin hanya mu ce mun iso, mene ne namu uzurin?

A wata na uku na shekarar nan kwanon rufi ya yanki Malam a ƙafa. Kun san yana da ciwon suga. Me muka yi masa? Abin da muka iya. Muka buɗe firigonsa muka yi masa daga bene na ƙasa, wannan kwana uku, waccan kwana biyu, mako biyu muna jera masa allurar da sunayenmu ke jiki. Ƙafa na ta kumbura. Da Yaya Taufiq ya kai shi asibiti suka ɗebi ruwan gyambon suka auna, takarda ta fito da jerin magunguna, kowanne an rubuta a gabansa cewa ba ya kama wannan cuta. Duk waɗanda muka sani suna ciki. Guda ɗaya tak ya rage, wata allurar jijiya mai dogon suna, kwalba ashirin, safe da yamma, kwana goma ba fashi. Likitan ya maimaita wa Taufiq har sau biyu cewa ba fashi. Taufiq ya sayar da babur ɗinsa ya sayo ta. Malama Sakinatu, nas ɗin da ke bayan masallaci, ta ɗauki nauyin zuwa gida tana yi masa.

Inna Zuwaira ta sa kwalin a firigo, don an ce kada zafi ya taɓa shi, kuma bene na sama cike yake da ƙanƙarar sayarwa. Fadila ta rubuta sunan babanta a jiki da manyan baƙaƙe, don kowa ya san mai shi.

Rana ta biyar da fara allurar Malam ya tashi. Dukanmu mun gani. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, ya sha kunu, ya tsokani masu wucewa. Ni ya ce mini in zo in karanta masa ƙafarsa. Layin nan kaf aka yi ta cewa Malam ya warke, alhamdu lillahi.

To ku haɗa da kanku. Mutum ya warke a idonmu. Kwali na bene na ƙasa. Sunansa na jiki. A dokar da muka yi shekara shida muna bi, mene ne wannan in ba ragowa ba?

Washegari da safe Malama Sakinatu ta buɗe kwalin da ya kamata ta tarar da goma, ta tarar da biyu. Wani ya zo ya durƙusa ya ɗauki takwas. Ina kyautata zaton har addu'a ya yi wa Malam yana fita.

Kwana tara muka yi muna neman allurar. Mun bi kantunan magani daga Shagwa har Kabalai, mun haye Kusri sau biyu, kowa ya ce ta yanke, sai an kawo. Ranar da ta iso cutar ta riga ta shiga jini. An yi masa, ba ta ƙara kamawa ba. Ranar Talata da hantsi ya cika.

A cikin kwanakin nan tara, yana da sauran magana a bakinsa, Taufiq ya ce zai bi gida-gida ya tambaya. Malam ya hana. Ya ce, "Kada a tambayi kowa. Wanda ya ɗauka da buƙatarsa ya zo." Ina wurin, da kunnena na ji. Kuma yau zan saɓa masa, ina sane. Baba Liman, in akwai alhaki a wuyana yake.

Dalilina shi ne abin da ake faɗa a layin nan tun kwana uku da rasuwa. Tunda ba wanda ya fito ya ce shi ne, sai baki ya nemi inda zai sauka, ya sauka kan wadda ba za ta iya fitowa ta kare kanta ba. Ana cewa Inna Zuwaira ce ta sayar da kwalaben da ta ga tsoho ya tashi. An faɗa a wurin ɗibar ruwa, an faɗa a wurin mai shayi, an faɗa a cikin gidan nan, a kan tabarmar zaman makoki, da shinkafarta a baki. Wata ta ce ai ta ga sabon zane a ɗakinta. Zanen Fadila ta kawo mata shi tun ƙaramar salla. 'Yan'uwan marigayi biyu sun daina gaishe ta, kuma suna zaune a nan, ba sai na nuna ba. Shekara talatin da huɗu ta yi da shi. Ita ta wanke gyambon nan da hannunta lokacin da mu maza muke toshe hanci a bakin ƙofa. Sauran wata uku ta fita takaba, ta fito cikin unguwar da ke kallonta a matsayin matar da ta sayar da ran mijinta.

Inna, ki yafe mana. Ba ki yi komai ba sai abin da aka ce ki yi. Yaya Taufiq, Fadila, ku riƙe uwarku, don ban ga alamar unguwa za ta riƙe muku ita ba.

Kada ku ɗauka ina sa ran za mu gyaru. Taufiq ya kwashe bene na ƙasa ya ƙone a makon farko. Kafin sadakar bakwai an sami wani gida mai sola a layi na biyu, an fara kai ragowa can, da sunaye a jiki. Cutar da ta ƙi jin maganinmu ba daga sama ta faɗo kan ƙafar Malam ba, a jikinmu muka yi renonta, kwana uku-uku. Tana nan a layin nan. Mai haihuwa ta gaba da za a yi wa aiki, yaron gaba da ƙusa za ta soka, su ma takardarsu za ta fito da jerin nan, kuma wata rana ko guda ɗayan ba za a samu a ƙasan jerin ba. Ba ni da maganin wannan. Abin da ya rage a hannunmu yau ƙarami ne, sunan mace ɗaya.

A madadin iyali ina gode wa duk wanda ya zo, da wanda ya aiko, da matan da suka yini a gaban murhu, da Malama Sakinatu da ba ta karɓi komai ba. Allah ya jiƙan Malam Muntaka, ya sanyaya masa kabarinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu, ya karɓi niyyarsa, ya yafe masa abin da bai sani ba. Mu kuma Allah ya yafe mana abin da muka sani muka yi shiru. Amin.

Saura kai. Ko ke. Ban kira ka ɓarawo ba, kuma ba wanda zai kira ka haka a gabana, don abin da ka yi duk mun yi. Kana da mara lafiya, ka ga kwali, ka ɗauka. Wannan tsakaninka da Allah. Amma kusan kwana arba'in kana jin abin da ake faɗa a kan Inna kana shiru, wannan tsakaninka da mu ne. Ba na son ka same ni a shago, ba na son saƙo ta waya, ba na son ka je wa Liman a ɓoye. A bainar jama'a aka ɓata ta, a bainar jama'a za a wanke ta. Baba Liman, ina roƙo a dakata da fatiha, kada a raba goro tukuna. Ga lasifika na ajiye a kan tabarma. Wanda ya ɗauki kwalba takwas ɗin nan ya tashi ya faɗa da bakinsa, da ƙarfi, yadda za a ji a bayan labule.