Mai Tuna wa Sarki

Salamar Yesu ta tabbata a gare ku, 'yan'uwana. Ni ce Rifkatu, wadda kuka saba gani tana shigowa sujada a makare.

A 2012 na zo Dubai jinyar wata tsohuwa Balarabiya a unguwar Al Nahda. Ciwon mantuwa ya cinye ta. Ta ci abinci ta ce na hana ta, in miƙa mata magani ta kira ni ɓarauniya. 'Ya'yanta ma ba ta gane su, har suka rage zuwa. Ni da na koyar da yara a Kagoro, ga ni ina wuni ina tuna wa mutum sunansa! Zuciyata ta ƙeƙashe, addu'a ma na daina. Na ce Allah ya manta da ni.

Wata mata a unguwar Naif ta ce in gudu, za ta samo mini aikin shago. Na san wanda ya gudu daga aiki bizarsa ta mutu, sai ɓuya har ranar kamu. Duk da haka na haɗa jakata.

Ranar Juma'ar da zan gudu na biyo ta nan coci. Na tarar Baba Ishaya, mai walda a unguwar Ras Al Khor, yana koyarwa a kan fadawan Sarki Dauda. Ya ce akwai wanda ake kira "mazkir" da Ibrananci.

"Wasu sun fassara shi marubuci," in ji shi, "amma asalin ma'anarsa mai tunasarwa. Yana kusa da sarki, yana tuna masa abin da bai kamata ya manta ba. Babban muƙami ne fa, 'ya'yana."

Na durƙusa ina kuka, na ce, "Ubangiji, ashe aikin da nake rainawa sarauta ce a fada? Ka ba ni zuciyar yin sa." Na koma na kwance jakar.

Tsohuwa ba ta warke ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni ce na warke! Ranar da za ta cika, 'ya'yanta suka taru. Na sunkuya ina raɗa mata sunayensu a kunne, tana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Babbansu, dattijo da furfurarsa, ya kifa kai a gadon yana kuka kamar yaro. Ya yi shekaru bai ji sunansa a bakin uwarsa ba.

Na gode wa Yesu da ya tare ni a ƙofa. In akwai mai jaka a haɗe a cikinku yau, ya dogara gare shi, ya ɗan dakata. Amin!