Keken Mata da Na Raba Mijina da Shi

Ina gaishe ku, 'yan'uwana mata na zumunta, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salama ta kasance tare da ku. Halleluya!

Yawancinku kun san ni, Mama Rifkatu, matar Malam Yohanna tsohon hedimasta. Kun san ni da waƙa, kun san ni da jan addu'a. Wasunku kuma sun san bakina, don sun ɗanɗana. Yau ban tsaya don in ce Allah ya warkar da ni daga zazzaɓi ba. Abin da ya ciro ni daga ciki ya fi haka muni, kuma da kaina na ɗaure shi a wuyana.

A shekarar da korona ta shigo, Malam yana fama da ciwon suga da hawan jini. Likita ya ce masa magani kaɗai ba zai isa ba, sai ya riƙa motsa jiki. Ya gwada tafiyar ƙasa, gwiwoyinsa suka ƙi. Sai likitan ya ce to ya nemi keke, ya riƙa fita da sassafe yana shan iska, tunda hanya babu mutane saboda dokar kulle.

Ranar da aka sassauta dokar don a yi cefane, Malam ya sa takunkuminsa ya tafi kasuwa wurin Malam Sabi'u mai kekuna. Kun san shi, dattijon nan da iyayensa suka zo daga Kano, tun muna amare yake wannan sana'a. Mijina ya daɗe a can. Da ya dawo sai murna yake yi, yana ba ni labari. Wai Malam Sabi'u bai yarda ya zaɓa da ido ba. Ya sa shi ya hau wannan ya sauka, ya hau wancan ya sauka. Ya ce masa, "Malam, a shekarunka ba kyau za ka duba ba. Ka nemi wanda in ka tsaya ƙafafunka biyu za su taka ƙasa kana zaune. Sirdi mai faɗi, kai mai tsawo don kada ka sunkuya, birki mai laushi da yatsunka za su iya matsewa. Kuma kada ka kuskura ka ɗauki mai ƙarfen tsakiya, ƙafarka ba za ta ƙara tsallake shi yadda ta saba ba."

Na fito tsakar gida in ga abin da aka sayo. 'Yan'uwa, keken mata ne! Babu ƙarfe a tsakiya, shuɗi, har da kwando a gaba.

Na riƙe haɓa. Na ce, "Malam, ina zanen da za ka ɗaura? Ko shi ma in ara maka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Rifkatu, ƙafa ce ta zaɓa, ba ni ba."

Da a nan na tsaya, da yau ba ni da shaidar da zan bayar. Amma ku tuna lokacin. An rufe majami'a, ba sujada, ba zumunta, ba biki, ba zuwa gaisuwa. Bakin da na saba rabawa mutum hamsin a mako, sai ya rasa kowa sai mutum ɗaya. Na sauke shi duka a kan mijina.

Kowace safiya yakan tura kekensa ya fita, ya bi hanyar Wuro Patuji a hankali, ya juyo kafin rana ta yi zafi. Kuma gaskiyar Allah, abin ya karɓe shi. Kumburin ƙafarsa ya sauka. Ya fara cin tuwo da marmari. Mutumin da ya yi shekara uku yana zaune a kujera yana kallon bango, sai ga shi yana fito yana goge taya. Yakan dawo da mangwaro a kwandon, ya ce, "Ga tsarabarki." Yakan ba ni labarin wanda ya fara share gona da inda ruwan farko ya kwanta a mayo, wato rafi.

Ni kuwa ko a jikina. Abin da ke cin raina shi ne mutane za su ce mijin shugabar mata, hedimasta guda, yana yawo a kan keken 'yan mata.

Na daina kiransa Malam, na koma ce masa "ƙawata". In ya dawo ina tsaye a ƙofa da maƙwabta, kowa a bakin gidansa, sai in ɗaga murya in ce, "Sannu da zuwa ƙawata, yau nawa ake sayar da kuɓewa?" Layi ya ɗauki dariya. Wata safiya na ɗaura masa ɗankwalina a kan keken, na sa masa jakar hannuna a kwando. Ya zo ya kwance, ya ninke ɗankwalin da kyau, ya ajiye mani a kan taga. Shirunsa ma haushi yake ba ni.

Akwai ranar da ya ce, "Rifkatu, ke ma ki gwada mana. Da zanenki za ki iya hawa. Mu riƙa fita tare."

Na ce, "Allah ya kiyaye. Mace ɗaya a kan hanya ta ishe gidan nan abin kunya."

Ku ji fa abin da na faɗa wa mutumin da muka yi shekara arba'in da ɗaya tare. Na ga idonsa ya yi ja, ya shige ɗaki. Ni kuma na ci gaba da tankaɗe ina waƙar yabo.

Ban tsaya nan ba. Wata ranar kasuwa Malam ya tafi a gwada masa suga. Na ja keken da hannuna har rumfar Malam Sabi'u. Na ce a canja mani da na maza. Na nuna wani baƙi, dogo, mai ƙarfe a tsakiya, irin wanda mijina yake hawa zuwa makaranta lokacin yana saurayi.

Malam Sabi'u ya dube ni ta saman takunkumi ya ce, "Mama, in dai don Malam ne, ba zan ba ki wannan ba. Ni na auna shi da kaina. Ranar da ya tsaya a kan wannan ba shiri, ƙasa zai je."

Sai na yi ƙarya. Ni, mai jan addu'a! Na ce, "Haba Malam Sabi'u, ai Malam ya daina hawa. Ɗanmu ne zai riƙa zuwa gona da shi." Ya girgiza kai, ya ba ni.

Da mijina ya dawo ya tarar da baƙin keke a jingine. Ya tambaya ina nasa. Na ce, "Malam Sabi'u ne ya ce wancan yana da matsala, ya ba da wannan. Yau dai ka zama namiji." Ya daɗe yana kallon keken. Daga baya ya ce, "To."

Washegari ya jingina keken da dakali, ya taka dakalin, da ƙyar ya cilla ƙafa. Ina kallonsa yana tangaɗi har ya sha kwana. Na tafa masa. Kwana biyu ya fita ya dawo lafiya, sai dai babu mangwaro, babu labari.

Rana ta uku bai dawo ba.

Wajen ƙarfe goma wani dattijo makiyayi ya yi sallama a ƙofa, yana ture da baƙin keken, kan ya karkace. Ya ce shanunsa ne suka fito tsallaka hanya, Baba ya taka birki ya tsaya daidai, bai taɓa ko saniya ɗaya ba. Amma da ya miƙa ƙafa bai sami ƙasa ba. Ya yi ƙoƙarin sauka, ƙarfen tsakiya ya riƙe masa ƙafa, ya faɗi ta gefe a kan dutse. Sun sa shi a napep sun kai asibiti.

Wayyo Yesu! Ko takalmi ban sa daidai ba na fita.

A ƙofar asibiti aka tare ni. Saboda korona mutum ɗaya tak ake bari ya yi jinyar mara lafiya. Na ce ni ce matarsa. Ma'aikaciyar ta shiga, ta fito, ta kasa kallon fuskata. Ta ce, "Mama, ƙashin ƙugunsa ne ya karye, za a yi masa aiki. Mun tambaye shi wa zai zauna da shi. Ya ce a kira ƙanwarsa Ladi."

Na ce, "Kin gaya masa ina nan?"

Ta ce, "Na gaya masa."

Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa ƙofar nan da kular abinci. Ladi takan fito ta karɓa, da yamma ta mayar mani da ita yadda na kawo. Rana ɗaya ta ce, "Ga namijin da kike nema can an miƙe shi a gado, ko juyi ba ya iyawa. Hankalinki ya kwanta?" Maƙwabtan da muke dariya tare, su ne suka fara nuna ni da baki in na wuce. Har na ji wata tana cewa, "Ita ce ta kashe shi da ransa."

Duk da haka zuciyata ba ta karye ba. Ina addu'a fa, amma wace iri? Ina tsauta wa Shaiɗan, ina tsauta wa shanu, ina ɗaure maƙiyan gidana.

Bayan aikin, ciwon ya ƙi warkewa saboda suga. Zazzaɓi ya rufe shi, ya daina gane mutane. A rana ta tara, da tsakar rana, Ladi ta fito tana kuka ta ce likita ya ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu, a koma ga Allah.

Na tsuguna a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa. Na buɗe baki kamar kullum, na ce, "Ya Ubangiji, ka tona asirin maƙiyin da ya yi wa mijina wannan..." Sai muryata ta tsaya cak. Na kasa ƙarasawa. A cikin zuciyata na ji tambaya sarai: wane ne ya ja keken zuwa kasuwa?

Na faɗi rub da ciki a ƙasa, mutane suna wucewa suna kallo. Na ce, "Ni ce, Yesu! Ni ce! Ba Shaiɗan ba, ba shanu ba. Ban cancanci ka ji ni ba. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka ɗauke shi da ƙaryata a kunnensa. Ka bar shi ya rayu har in faɗa masa gaskiya, ko da ba zai ƙara kallona ba."

Bayan kwana biyu zazzaɓin ya sauka. Ya buɗe ido ya nemi kunu. Ku yabi Ubangiji! Halleluya!

Ya yi kusan wata biyu kafin a sallame shi. Da ya dawo gida ni nake masa komai, wanka, juyi, ɗauke fo. Bai taɓa yi mani faɗa ba. In na ba shi ruwa ya ce "na gode", yadda ake gaya wa baƙuwa. Na gwammace ya zage ni.

Wata Lahadi da safe na durƙusa a gaban gadonsa. Na ce, "Malam, na yi maka ƙarya. Malam Sabi'u bai ce kekenka yana da matsala ba. Ni na canja shi. Ya hana ni, na yi masa ƙarya shi ma."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Malam Sabi'u ya kira ni a waya tun ina layin gwajin suga. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba. Ya roƙe ni don girman Allah kada in hau."

Na ce, "To me ya sa ka hau?"

Ya juyo ya dube ni, karo na farko tun da ya dawo. Ya ce, "Don ki daina dariya, Rifkatu. Na gaji."

'Yan'uwana, ban san tsawon lokacin da na yi ina kuka a wurin ba. Bai hana ni ba, bai lallashe ni ba. Da na yi shiru sai ya ɗora hannunsa a kaina ya ce, "Na yafe miki saboda Yesu. Amma ƙafar ba za ta dawo ba, ki san da haka."

Ba ta dawo ba kuwa. Ga shi can a kujerar baya kusa da ƙofa, shi ya ce in kawo shi ya ji da kunnensa. Da sanduna biyu yake tafiya, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ya huta. Hanyar Wuro Patuji bai sake ganinta ba. Ni na raba shi da ita, kuma kowace safiya in na ɗaga shi daga gado ina sane.

Amma ina gode wa Allah da ya ji addu'ar mace irina. Bai bar mijina ya mutu yana ɗauke da ƙaryata ba, bai kuma bar ni in mutu ina ganin kaina mai adalci ba. Ya kama harshena, har yau yana riƙe da shi, don in ya sake na san abin da zan iya. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa!

Ke 'yar'uwata da kike da wani a gida wanda yake yin shiru in kin yi masa ba'a, kada ki ce ba ya jin zafi. Ki je yau, tun yana tsaye da ƙafafunsa, ki roƙe shi gafara. Ki dogara ga Yesu, zai ba ki ƙarfin faɗin gaskiya kamar yadda ya ba ni. Ni na jira sai da na koyi ɗaura wa mijina takalmi.

Ubangiji ya yi mana jinƙai duka, cikin sunan Yesu. Amin.