Kujerar da na raina

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kuna lafiya, ku da abokan aikinku. Ni ne Habu daga Panshekara.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ɗinkin buhu a wani kamfani a Sharaɗa. Teburin kekena gajere ne, ni kuwa dogo, don haka a kan kifaffen bokitin fenti nake zama, ina duƙe tun safe har a tashi. Abokin aikina Baba Yohanna, wani dattijo mutumin Kafanchan, ya sha ce mini, "Habu, ka sa bulo ka ɗaga teburin nan, kuma ka riƙa miƙewa kana ɗan takawa." Har kujera mai majingina ya haɗa mini da ragowar katako. Na yi masa dariya, na ce jingina ta 'yan ofis ce, kada oga ya ɗauke ni rago. Muka mai da ita wurin rataya riguna.

Bara na sunkuya zan ɗauki zare, sai na kasa miƙewa. Likita ya ce ƙashin bayana ya taɓu, ni da keke sai dai kallo. Baba Yohanna da kansa ya ɗauro kujerar a bayan mashin ya kawo mini gida. Malam, a kanta nake salla yanzu. Wata takwas ke nan goshina bai taɓa ƙasa ba.

Don Allah wanda ya san abin da zan yi, ya taimaka mini da shawara. Ina gaida Baba Yohanna da dukkan 'yan sashen ɗinki. 'Yan'uwa, ku ɗaga teburanku tun kuna iya sujada.