Tandar Mairo a Gindin Lemo

A rumfar mai takin zamani a kasuwar Azare, Malam Talha, mutumin Gadau, ya zaro ganyen lemo rawaya daga aljihu, ya nuna wa wani dattijo da ke kan benci.

"Alhaji, duba min. Malamin gona ya ce ƙarancin ƙarfe ne. Na binne kusoshi a gindinsa, shiru. Na ƙara da tandar ƙarfe guda, har yau shiru."

"Tanda! Malam, saiwa haƙori gare ta? Sha take yi, sai abin da ya narke. In ƙasarka mai kanwa ce, ko tirela ka binne a banza. Zuba kashin shanu ƙasa ta ɗan yi tsami. Tandar wa?"

"Ta uwargida. Tana zargin 'yan gwangwan, ina taya ta tsine musu."

Dattijon ya gyara zama. "Ba dai Mairo mai masa ta bakin tasha ba?"

Malam Talha ya mayar da ganyen aljihu. "Ka san ta?"

"Tun sallah nake karyawa da gayan koko, ashe kai ne!"

"Alhaji, a rufa min asiri."

"Tono, wanke, mayar. In na ga masa gobe da safe, ban ji komai ba."