Saniyar da Ta Fito a Talabijin

A tashar bas ta ƙauyenmu a Yorkshire ta Ingila, wani manomi ya tare wata mata da ɗanta mai sanye da kwat.

"Baiwar Allah, ara mini yaron nan."

"Ikon Allah! Ka san mu ne?"

"Saniyata ke naƙuda. Tunda ta fito a wasan likitan dabbobin nan na talabijin, ta daina yarda likitanmu mai sanƙo ya taɓa ta. Sai saurayi mai kwat."

"Ɗana fa aski yake yi!"

"Na talabijin ɗin me ya iya? Ɗanki ya tsaya kawai tana kallonsa, mai sanƙo na aiki ta baya."

Matar ta gyara wa ɗanta kwala.

"Bi shi, Wilfred. Shekararka talatin, sai yau mace ta aiko nemanka."