Gaisuwa Daban, Gwiwa Daban

A ɗakin jiran likitan ƙashi na zauna kusa da wata dattijuwa da wani tela, duk an yi musu allurar gwiwa.

"Iya, ya ƙafar?" in ji telan.

"Da sauƙi, ɗan nan."

"Ai da dafa bango kika shigo."

"To ko jikata ban iya goyawa. Kullum nas ta kira ni a waya ta ce ya ƙafa, in ce da sauƙi. Wai yau za su sallame ni, na warke."

"Haba Iya! Ba gaisuwa take ba, tambaya take! Ni da keken ɗinki nake auna tawa. Ran da na kasa taka shi, da kaina nake kiranta."

"Yarinya ta gaishe ni, in tare ta da ƙorafi? Ba haka aka rene ni ba."

"Ki dai faɗi maganar goyon."

Aka kira ta. Ƙofa a buɗe, muna ji likita ya ce, "Mama, ya jiki?"

"Da sauƙi, likita."

Telan nan ya saki wani uban tari.

"Wannan gaisuwa ce," in ji ta. "Yanzu gyara zama ka ji na gwiwa."